Luguden Bene na Uku

"In da gaske kina son sa, Shafa'atu, ki goge faifan nan."

Alhaji Ladan bai ɗaga murya ba. Shekara ashirin yana karanta labarai a gidan rediyo, ya san yadda ake yanka mutum da murya mai sanyi. Ya ce wa 'yarsa jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Khalil, bai kamata a bar arna da Musulmi suna taka rawa da kiɗansa ba. Duk ƙafar da ta motsa, a kabarinsa za a rubuta.

Shafa'atu ta sunkuyar da kai. Saura wata biyu a ɗaura musu aure mota ta kife da Khalil a kan babban titin Beltway. Shekara uku suna kiɗa tare a ɗakin ƙasa na gidan abokinsu Jerome: Jerome da ganguna, ita da waƙa, Khalil da jita mai kaurin murya. Ba rediyon da ya san da su. Irin kiɗan nan ne da ake kira fank, an gauraya shi da jita mai kaifi kamar ana yanka gwangwani, ko gurgu ya ji sai ya gyaɗa kafaɗa. Waƙa tara suka gama, faifansu na farko. Jerome ya ce wuƙa da nama na hannunta: ta ce a fitar, ko ta ce a binne.

"Abba... shi kaɗai ya rage min."

Ya ce to su je wurin uwar Khalil, ta ji daga bakin wadda ta fi ta ciwo.

Suka isa gidanta da ke unguwar Greenbelt. A bene na uku suka tarar da Hajiya Hadijatu zaune kan darduma, ta rame har zobe na yawo a yatsanta. Bayan gaisuwa Alhaji ya jero hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta kanun labarai. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce ita ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ba ta yanke hukunci a kan miyar da ba ta ɗanɗana ba.

"Kunna min, 'yata."

Shafa'atu ta ɗora wayarta a kan tebur. Gabanta ya faɗi, don ta san da abin da waƙar farko ta fara, kuma Khalil bai taɓa gaya wa uwarsa ba. Cewa ya yi sai ranar biki.

Ba ganga ce ta fara ba. Taɓarya ce. Dum... dum-dum... dum. Sai tafi a tsakani, irin na macen da ke wurga taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Daga nan jitar Khalil ta shigo tana bin luguden a hankali, kamar yaro riƙe da zanen uwarsa.

Hajiya ta gyara zama.

"Wannan ai turmina ne."

Shafa'atu ta gaya mata ranar da take dakan yajin Sallah ne Khalil ya ɓoye wayarsa a bayan buhun shinkafa. Kafin ta rufe baki sai aka ji ƙwanƙwasa uku, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Constance ce, tsohuwar da ke zaune a ƙasansu, wadda ta saba dukan rufin ɗakinta da sandar tsintsiya duk ranar daka. Ita ma ya saka ta a waƙar. Sai ga muryarsa, yana dariya har numfashi na sarƙewa:

"Mama, kar ki tsaya! Ki ƙara mata!"

Shafa'atu ta toshe bakinta da gyale. Masoyina, ta ce a ranta, kai ko a mace sai ka ja mana magana.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya fara cewa ai wannan ma ƙarin dalili ne, sunan Hajiya zai shiga bakin mutane. Ta ɗaga masa hannu.

"Baban Shafa, ka yi haƙuri. Kwana arba'in ana shigowa ana ce min yaro ne mai sallah, mai ladabi. Gaskiya ne. Amma ba wanda ya dawo min da dariyarsa sai yarinyar nan. In akwai zunubi a ciki, taɓaryata ce ta fara, ni za a tambaya. Allahn da na sani Ya san ɗana fiye da mu."

Ta juya wurin Shafa'atu ta ce ita ba za ta raba 'ya da ubanta ba, amsar tana bakinta.

Shafa'atu ta durƙusa a gaban mahaifinta, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Abba, ban taɓa ƙin maganarka ba. Ka yafe min. Sau ɗaya aka binne shi, ba zan ƙara ba."

Ya daɗe yana kallon ta. Ya ɗauki hularsa, ya ce Allah Ya jiƙan Khalil. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce yana jiran ta a mota, kada ta daɗe.

Ta aika wa Jerome kalma biyu: a fitar.

Da ta ɗago, Hajiya ta riga ta jawo turmin daga bayan firij, inda ya kwana arba'in a kife. Ba ta zuba komai a ciki ba. Ta ce a mayar da waƙar farko, a ƙure murya. Ta ɗaga taɓarya, ta wurga, ta tafa, ta cafe.

Ba su kai tsakiyar waƙar ba, daga ƙasa sandar tsintsiya ta amsa. Sau uku, daidai inda Khalil ya saka ta.