Askin Dodo a Gidan Abah

“Maroƙi zan zama, Abah,” in ji Deden.

Kofin shayin Abah ya tsaya cak tsakanin tebur da bakinsa.

Galuh ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Maroƙi?! Kwana bakwai cur tana nanata wa Deden abu ɗaya a waya, safe da yamma: mai magani, mai magani, mai magani! Ta daddage ta kai masa hauri ta ƙarƙashin tebur...

“Wayyo ƙaurina!” Rey da ke gefen Deden ne ya yi ƙara.

“Yi haƙuri, Kang Rey, sauro ne,” in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. “Kang” a wajensu kamar “Yaya” ne.

Duk unguwarsu a Bandung an san ranar Lahadi bayan azahar ba a zuwa gidan Abah Kosasih, mahaifin Galuh, da wata magana. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da ya bar koyarwa, yake tara iyalinsa a teburin falo su yi wasan almara. Shi ke ba da labarin, shi ne dodanni, shi ne alƙali. Kowa kuma yana da jaruminsa a rubuce a takarda, da sana'arsa. In za ka yi wani abu, sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Ya ba da lamba babba ka yi nasara, ya ba da ƙarama ka sha kashi.

Ambu, mahaifiyar Galuh, 'yar mitsitsiyar mace da ko kaza ba ta iya yankawa, ita ce jaruma mai gatari. Teteh Nengsih, yayar Galuh, ɓarauniya ce. Galuh maharbiya. Mai maganinsu ƙanen Abah ne, to aiki ya ɗauke shi zuwa Makassar, tun daga nan ayarin ke komawa gida jina-jina kowane mako.

Da samari biyu suka fito neman Galuh, Abah bai yi dogon bayani ba.

“Kujera ɗaya ce babu kowa. Su zo su zauna in ga wanda ya san abin da gida ya rasa.”

Kowa ya san inda zuciyarsa ta karkata. Rey ɗan amininsa ne, ma'aikacin banki, ya haddace dokokin wasan kamar shi ya rubuta su. Deden kuwa mai aski ne daga Garut, shagonsa kujera biyu, bai taɓa riƙe ɗan lido mai fuska fiye da shida ba. Sai dai shi ne wanda in ya ce “Neng”, wato 'yammata, Galuh ke manta abin da za ta faɗa.

Abah ya dire kofin a hankali.

“Maroƙi,” ya maimaita. “Mai kiɗa da waƙa.”

“Eh, Abah,” in ji Deden, yana murmushi har kunne.

Rey ya gyara wuyan riga. “To tunda Deden ya bar gurbin, ni zan ɗauki mai magani. Ai buƙatar ayari ake dubawa, Abah, ba son rai ba.”

“Madalla da ɗan albarka!” in ji Abah.

Galuh ta miƙe zumbur. “Kang Deden, zo ka taya ni ɗauko faranti.”

Suna shiga kicin ta juyo, idanunta sun kaɗa.

“Me na ce maka?”

“Mai magani, amma Neng, saurara...”

“Sau nawa na faɗa?”

“Ban ƙirga ba, amma da yawa. Kang Rey ne ya zo aski jiya, ya ce tarko ne. Wai Abah ba ya son mai bin abin da aka shirya masa. Wai a duniya babu abin da yake so kamar mawaƙi.”

Teteh, da ta biyo su don kada gulma ta wuce ta, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

“Mawaƙi? Abah? Kai, bawan Allah! Kafin Ambu ta auri Abah, wani mawaƙin rediyo ne ya yi shekara biyu yana mata waƙa a gindin taga. Har yau in aka sa waƙarsa, Abah kashe rediyon yake yi ya zare batir!”

Murmushin Deden ya gudu.

“Na shiga uku...”

“Ka shiga tara!” in ji Galuh. “Ka bar maganata, ka ɗauki ta mutumin da yake so ya raba mu. Har aski ka yi masa!”

“Neng, rabin raina...”

“Kada ka rabin-raina ni. Ɗauki farantin nan.”

Ya ɗauki farantin soyayyar ayaba da ƙosan kabeji, ya bi ta kamar ragon da aka ja zuwa kasuwa.

Abah ya jira kowa ya zauna, sannan ya dubi Deden ta saman tabarau.

“Akwai sabuwar doka. A teburin nan, maroƙi ba ya cewa ‘na yi waƙa.’ Rerawa yake yi, mu ji.”

“Yaushe aka kafa dokar nan?” in ji Galuh.

“Yanzu.”

Aka fara. Abah ya sauke murya ya kai su wani kogo a bayan dutse, inda dodo ya tare hanyar ruwan wani ƙauye. Ya ce tsawonsa ya kai bishiyar kwakwa, gashin kansa ya sauko ya rufe masa fuska har ƙirji, ga kulki a hannu yana ta wulwulawa hagu da dama.

“Maroƙi, kai ne a gaba. Me za ka yi?”

Deden ya duba takardarsa. “An rubuta wai ina iya sa abokan gaba barci da waƙa.”

“Bismillah.”

Deden ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya rufe ido.

“Dodo, dodo, ɗan lele, kwanta ka huta, dodo na Abah...”

Galuh ta shekara biyu tana son mutumin nan, amma ba ta taɓa jin waƙarsa ba. Yanzu ta gane rahama ce aka yi mata. Muryar ta fito kamar ana jan teburin ƙarfe a kan siminti. Kyanwar gidan ta diro daga kan kujera ta fice. Daga maƙwabta wata tsohuwa ta ɗaga murya tana tambayar ko lafiya.

Ya jefa ɗan lido.

Ɗaya.

“Dodo bai yi barci ba,” in ji Abah, gefen bakinsa na motsi. “Hasali ma da yana gyangyaɗi, yanzu ya wartsake. Ya fusata.”

Teteh ta kifa kai a tebur tana dukansa da hannu.

Daga nan abubuwa suka dagule. Ɓarauniyar Teteh ta ga ba riba, ta ɓuya a bayan dutse. Kibiyoyin Galuh suka maƙale a gashin dodo, tsakuwa ta ɗan ƙuje mata hannu. Ambu ce ta tsaya gaba da gaba da shi, tana ihu tana sara, har kulkin ya same ta sau biyu a jere.

Abah ya yi lissafi.

“Jarumarki ta faɗi. Bugu ɗaya ya rage, ta tafi ke nan.”

 Shekara goma sha ɗaya Ambu na riƙe da jarumar nan. Takardarta ta yi laushi saboda tsufa, har leda aka sa mata.

Duk ido ya koma kan Rey.

“Kwalbar magani ɗaya ta rage min,” in ji shi. Ya juyo ya yi wa Galuh wani lallausan kallo. “Kuma tun ɗazu zuciyata ke ciwo da na ga hannun gimbiyata na jini. Neng Galuh, naki ne.”

“Ƙujewa ce fa kawai!” in ji Galuh. “Ka ba Ambu!”

“A lissafi, maharbiya ta fi amfani a zagaye na gaba. Kuma abin da aka furta a tebur ya zauna, ko ba haka ba, Abah?”

“Haka dokar take,” in ji Abah, amma bai ce ɗan albarka ba.

 Ambu ta miƙa hannu ta janye farantin ayaba daga gaban Rey, ta mayar da shi can ɗaya gefen.

“Maroƙi,” in ji Abah, “saura kai, sannan dodo ya buga. Kada dai ka ce wata waƙar.”

Deden ya daɗe yana kallon tebur. Galuh ta ga gumi na bin wuyansa, haushinta ya fara narkewa ba da izininta ba.

“Abah, tambaya gare ni. Ka ce gashi ya rufe masa fuska?”

“Na ce.”

“Kuma dukan nasa hagu da dama yake yi, ba saiti?”

“Haka ne.”

“To ai bawan Allahn nan ba mugu ba ne, gani ne ba ya yi! Duk wanda gashi ke shiga idonsa haka dole ya yi faɗa da kowa. Ina ganinsu kullum a shago, su shigo suna huci, su fita suna dariya. An rubuta ina da 'yar wuƙa. Zan tsaya tsakaninsa da Ambu, in ce masa, ‘Kang, zauna in ɗan rage maka gaba.’”

Rey ya tuntsire da dariya. “Babu wannan a littafi!”

“In bai yarda ba, kai kulkin zai samu,” in ji Abah. “Maroƙinka ba zai tashi ba. Ka fita daga wasan ke nan, da kujerar da komai.”

Deden ya saci kallon Galuh, sannan ya dubi takardar Ambu mai leda.

“Na ji. Gara ni.”

“Sha biyar kake nema,” in ji Abah.

Ya jefa. Ɗan lidon ya gangara, ya bugi kofin Abah, ya juya, ya juya... ya tsaya a kan huɗu.

Galuh ta runtse ido.

Gaf!

Teburin ya yi tsalle, shayi ya fantsama. Da ta buɗe ido, ɗan lidon na kan sha takwas, Ambu kuma na shafa gwiwarta a hankali.

“Abah, ka gani ai!” Rey ya miƙe tsaye. “Ambu ce ta bugi tebur!”

Abah ya dubi Ambu.

Ambu ta dubi Abah.

“Girgizar ƙasa ce,” in ji ta. “Ba yau aka fara yi a garin nan ba.”

Abah ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Shekara talatin da huɗu da aure sun koya masa abubuwa da yawa.

“Ni ma na ji ta,” in ji shi. “Sha takwas. Dodo ya zauna.”

Teteh ta rangaɗa guɗa. Abah ya ba da labarin yadda gashi ya zube tuli guda, dodo ya ga hasken rana, ya ga 'yar matar da ya kusa kashewa, ya fashe da kuka, ya ɗauke ta a tafin hannu ya kai ta ƙauye. Deden har tambaya ya yi ko a gyara masa ƙeya.

Murna ta sa ya manta kansa, ya kama hannun Rey. “Kang, na gode fa. Ba don ka ce min Abah na son mawaƙa ba, da ban samu wuƙar nan ba.”

“Ya ce maka me?” in ji Abah.

Rey ya duba agogo, ya tuna ana jiransa a wani wuri. Ko takalminsa bai gama sawa ba ya kai ƙofa.

Abah ya tattara takardu, ya ware ta Deden ya riƙe.

“Na tsani mawaƙa,” in ji shi. “Amma mai irin muryarka ba zai taɓa sace matar kowa ta taga ba. Hankalina ya kwanta da kai. Ka ce wa iyayenka su zo daga Garut ranar Lahadi. Da safe! Kada su ci mana lokacin wasa.”

Galuh ta raka Deden bakin ƙofa. An fara yayyafin la'asar, ya tsaya yana juya hular babur a hannu.

“Har yanzu fushi kike, Neng?”

“Sosai ma.”

“Tsoro ne ya kama ni,” in ji shi a hankali. “Kang Rey yana da digiri, yana da mota, ya san wasan. Ni almakashi kawai gare ni. So nake Abah ya yi min murmushi ko sau ɗaya, shi ya sa da aka nuna min gajeriyar hanya na bi. Ba zan ƙara jin maganar kowa a kan taki ba.”

Ƙwalla ta cika mata ido, ta juya kai don kada ya gani.

“Da huɗun nan ta zauna fa? Da ka rasa ni saboda jarumar takarda.”

“Ba takarda na gani ba. Fuskar Ambu na gani.”

Ta sa gefen mayafinta ta goge masa ruwan da ya taru a kan hular.

“Wawana,” in ji ta. “Abin ƙaunata. Je ka kafin ruwan ya yi ƙarfi.”

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. A wajen walima mai gabatarwa ya ce al'ada ce ango ya yi wa amarya waƙa, ya nufo Deden da makirufo. Mutum huɗu suka miƙe lokaci guda, har da amarya cikin kwalliyarta.

Ambu ce ta riga kowa isa wajen soket, ta zare wayar makirufon.