Faifan Rifkatu

Ranar Alhamis ce, sha huɗu ga Agusta, ƙarfe shida da rabi na yamma. Ruwa ya ɗauke, tsakar gida duk laka. Ina wurin. Ba labari aka ba ni ba.

Barnaba ɗan baffana ne, ya girme ni. Tare muka yi makarantar mishan, tare muka tsufa a gidansa na bayan tashar jirgin ƙasa. Tun yana saurayi yake tara faya-fayan garmaho, har suka cika akwatuna. Da 'ya'yansa suka sayar da gidan, sai suka aiko cewa ɗakin da suka kama masa a birni ba zai ɗauki tarkace ba. Kalmar da suka faɗa ke nan. Tarkace.

Da safe wani dillali ya zo. Bai saurari ko ɗaya ba. Ya jinjina akwati, ya ce roba ce, a kilo zai saya, masu gidan abinci na manna su a bango. Barnaba ya ce masa albarka, ya raka shi ƙofa.

Da yamma ya baza su a kan tabarma yana gogewa. Ɗaya kaɗai ya ware, ya rufe da gefen rigarsa kusa da gwiwa. Faifan mawaƙan makarantarmu ne, wanda wani Bature ya ɗauka da na'ura. Marigayiya matarsa Rifkatu ce ke ba da waƙar, sauran suna amshi. Ba wani wuri a duniya da muryarta ta rage sai nan.

Muna zaune sai ga mutum tsaye a kanmu. Bai yi sallama ba. Dogo ne, da tsohuwar kwat, kuma ko ɗigon ruwa babu a jikinsa. Ya ce ya ji ana sayar da muryoyi.

Bai nemi garmaho ba. Ya ɗora faifai a yatsa, ya juya shi, ya kafa farcensa a kai. Ya buɗe baki. Waƙar ta fito daga maƙogwaronsa, har da ƙarar allura.

"Wannan da yunwa ya rera," in ji shi. "Mai tsada ne."

Ya ɗauki wani. Ya ce wannan ƙarya take yi, ba ta son mutumin da take wa waƙar. Barnaba ya yi dariya. Rabona da jin dariyarsa tun jana'izar Rifkatu. Wani ya zo ya girmama abin da 'ya'yansa suka raina, shi ya rufe masa ido.

Baƙon ya ce robar ba zai ɗauka ba, abin da ke ciki yake saye. Ya taya. Barnaba ya ce albarka. Ya ƙara.

"Duk abin da ke kan tabarmar nan, Malam. Ka sallama?"

Nan idona ya sauka ƙasa. Diddigensa ne ke fuskantarmu, yatsun suna baya. Na buɗe baki in ce, Yaya, dakata. Ya riga ni.

"Na sallama," in ji Barnaba.

Mutumin ya bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, yana jan farce, yana haɗiyewa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗage gefen rigar.

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

"A kan tabarma yake."

Barnaba ya tura masa kuɗinsa, ya roƙe shi, har ya durƙusa. Amma ya san dokar ciniki kamar kowa: wanda ya sallama ba ya komawa. Farcen ya zagaya sau ɗaya. Na ga maƙogwaron ya motsa.

Da zai fita ya ajiye wata allura siririya. Ya ce, ga gyara. A kasuwa mai sayarwa ke ba da gyara. Ran nan kuwa mai saye ne ya bayar.

Sawunsa a laka duk shigowa suke nunawa.

Muka gwada faya-fayan. Shiru, sai shuuu. Muka sa allurar tasa a kan na Rifkatu. Ba waƙa. Sai numfashin da take ja kafin kowane baiti, shi kaɗai ya bari. Barnaba ya ce in tuna masa amon muryarta. Na nema a kaina, babu. Shi ma babu.

Kuɗin kuwa na gaske ne. Da su 'ya'yan suka biya motar kwashe kaya. Barnaba bai cika shekara a birni ba ya rasu.

Ku da kuke saurare, kada ɗayanku ya yi ciniki da almuru, kuma kada ya ce ya sallama sai ya ga ƙafafun mai saye.

Waɗanda suka rage: ni, da garmahon, da allurar, da numfashin Rifkatu.