Mai Kaji da Fitilu Uku

An yi wata mai kiwon kaji wadda ba ta son tambaya. Ranar da aka wuni ana ruwa, ta kunna wa 'yan tsakinta fitilar lantarki don su ji ɗumi. Ta jona ta biyu a bayan ta farko, haske ya ragu. Ta jona ta uku, ya ƙara raguwa.

"Ikon Allah! Ina ƙarawa, yana raguwa?"

Ta juya, ta juya, ta rasa gane kansa. Sai da ɗan tsako ɗaya ya kife ta ruga wurin maƙwabciyarta.

"Yaya, me na ɓata?"

Maƙwabciyar ta ce, "Kin jera su a hanya ɗaya, suna rabon wutar. Ba kowace tata wayar."

Ta yi haka, akurki ya ɗumame. Amma ɗan tsakon nan bai tashi ba.