Bakse a Kwandon Kaka

"Sakar min kwando, Okbun."

"Ba zan saka ba. Akwai ganyen bakse a ciki."

"Bakse? A kwandona?" Kaka ta yi wata dariya mai ban haushi, ta juya wajen Inna da ke tsugune tana hura wuta. "Uwar Kumrye, kin ji 'yarki? Jiya-jiya ta daina bin harafi da yatsa, yau ita za ta nuna min ganye."

Na zaro littafin daga cikin rigata. Ɗan ƙarami ne, malamin gona ya bar mana shi a ajin yamma, kuma sau huɗu na karance shi. Bara warhaka ko sunana ban iya rubutawa ba. Yanzu ba wanda ya kai ni sauri a ajin, har da maza.

"Ga shi a rubuce. Tafarnuwar dutse ganye biyu gare ta, in ta yi yawa uku, sumul-sumul. Bakse kuwa ganyensa rungume yake da kara, ɗaya kan ɗaya, yana da tattara kamar an ninke takarda, bayansa da gashi-gashi. Shafa wannan ki ji."

Ta karɓa. Ba ta ko shafa ba. Ta murje shi a tafin hannu ta kai hanci.

"Tafarnuwa."

"Hannunki ne ke wari, ba ganyen ba! Tun safe kike tsinkar tafarnuwa. Yanzu ko takalmina kika murza, tafarnuwa za ki ji."

"Okbun!" Inna ta ce. "Kakarki ce fa."

Na sani. Na kuma san yanar ido ta rufe mata gani, kantar aiki ta cinye mata yatsu, hanci kaɗai ya rage mata. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Uwar Baba ce, shi kuma yana can mahaƙar kwal, wa zai ja da ita?

Abin da ya fi ƙona min rai, ba ni da shaida. A wajenmu ba a tumɓuke tafarnuwar dutse. Ganye ɗaya ake cira daga kowace saiwa a bar mata ɗaya don ta rayu ta kai baɗi. Saboda haka kwandon duk ganye ne warwatse, babu kara ko ɗaya da zan ƙirga mata.

"Shekara hamsin ina ciyar da gidan nan da hancina," Kaka ta ce. "Ɗan birnin da ya rubuta takardarki, ko gindin dutse ya taɓa takawa? Ba ni kwando, mai bakin tsiya."

Na juya shafi.

"To saurari wannan. Wanda ya ci bakse, miyau zai yi ta zubo masa. Sai amai. Sai jiki ya yi sanyi, zuciya ta riƙa bugawa a hankali, a hankali. Wa kuka sani da ya mutu haka?"

Inna ta daina hura wutar.

Shekara uku ke nan da rasuwar yayata Kumrye, a irin wannan lokacin, ƙanƙara ta narke, rumbu ya ƙare, sha'ir bai nuna ba. Ba mu taɓa maganar ba.

Marin ya zo ta inda ban zata ba. Makauniya, amma ba ta kuskure kuncina ba.

"Mai Dutse ne ya ɗauki Kumrye," Kaka ta ce. "Ba ganye ba. Kowa ya sani."

Na kalli Inna. Inna ta kalli wuta. "Ba mu da wani abin zubawa a faten," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Kar ku zuba komai. Zan kawo su duka biyun da saiwarsu, ta ƙirga da kanta."

"Rana ta faɗi, Okbun," Inna ta ce.

Na fizgi 'yar fartanya na fice.

A bakin hanya akwai tarin duwatsu, duk mai hawa yakan ɗora nasa don neman iznin Mai Dutse, aljanin da aka ce shi ke da dutsen. Ban ɗora ba. Na wuce ina huci, kuncina na zafi. In shi ya ɗauki yayata, ya zo ya faɗa min da bakinsa.

Kwarin da Kaka ke tsinka ba nisa, amma hawa ne. Hasken ya koma ruwan toka. Ƙasa jiƙe, ruɓaɓɓen ganye yana nutsewa ƙarƙashin takalmin roba. Warin danshi. Ƙorama na gudu a hannun hagu, tana ta surutunta.

Na san na iso tun kafin in gani. Warin tafarnuwa ya cika wurin.

Na tsuguna. Ga sawun Kaka a fili: kowace saiwa da ganye ɗaya tsaye, kusa da shi guntun ɗan'uwansa. Na haƙo ɗaya. Na rarrafa gaba ina shafawa. Sumul. Sumul. Sumul.

Tattara.

Yana nan a tsakiyarsu, kara mai kauri, ganye biyar sun rungume shi, an yage na waje. Sabuwar yaga. Ga wani. Ga wani kuma. Na daki ƙasa da fartanya na tumɓuke shi, na ce da ƙarfi, "Mai bakin tsiya, ko? Za ki gani!"

Sai na lura muryata ce kaɗai a kwarin.

Ƙoramar ta yi shiru.

Ba raguwa ta yi ba. Ɗif. Kamar an rufe ta da murfi.

Ƙas.

Wani ya tsinki ganye.

Ƙas.

Can gaba, gindin wata bishiya, mace ce tsugune ta ba ni baya. Kitso ɗaya dogo, an ɗaure ƙarshensa da jan ƙyalle. Na ce a raina wata ce daga ƙauye ta yi yamma irina.

"Sannu da aiki," na ce.

Ƙirga take yi.

"Ɗaya. Biyu." Ƙas. "Ɗaya. Biyu."

Muryar a jiƙe take, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar."

Ta tsaya. Ta sake ƙirgawa. Biyar.

Akwai faci a gwiwar hannun rigarta, shuɗi a kan fari, ɗinkin a karkace. Ni na ɗinka shi ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta yi min dariya sati guda.

Rigar Kumrye ce.

"Okbun," ta ce, ba ta juyo ba. "An ce kin iya karatu."

Na damƙe saiwoyin da ke hannuna.

"Ni ban iya ba. Tun tuni nake ƙirgawa. Wasu biyu, wasu biyar. Ban san me ya sa ba."

Ta juyo.

Fuskarta ce. Ba ta ruɓe ba, ba ta tsufa ba. Miyau ne kawai ke zuba daga haɓarta, zare-zare, ya jiƙe gaban rigar sharkaf. Tana magana yana zuba.

Ban ga ta taso ba. Sai ga ta a gabana, gwiwarta na taɓa tawa. Ba ta da wari. Ko kaɗan. Duk tafarnuwar da ta cika kwarin ta ɓace, hancina ya zama fanko.

Ta kama wuyan hannuna. Sanyi ya ratsa har ƙashi.

"Kaka ta naɗe min tuwon sha'ir a cikin ganyen. Manya-manyan ta zaɓa min. Ta ce ni ke aiki, ni zan ci masu faɗi."

"Yaya…"

"Duk shekara tana kawo min shinkafa nan. Tana kuka. Tana cewa in yafe." Ta karkata kai. "Me zan yafe?"

Kusa da ƙafarta na ga ƙwaryar tagullarmu, wadda aka ce ta ɓata. Shinkafa fara a ciki. Mu da rabonmu da shinkafa tun bikin sabuwar shekara.

Ta ɗago ganye. Mai faɗi. Mai tattara.

"Ci."

Na girgiza kai.

"Ni kaɗai ce a nan, Okbun. Ci."

Gefensa ya taɓa leɓena. Gashin ya soke ni. Leɓen ya fara mutuwa.

Ban san daga ina abin ya taso min ba. Tsoro ya ƙare, sai haushi, irin wanda na fito da shi daga gida.

"Ba zan ci ba! Guba ce, Yaya! Mai biyar ɗin guba ce, sunansa bakse, shi ya kashe ki! Ba Mai Dutse ba, ba komai ba, ganye ne kawai! Ganye!"

Kwarin ya maimaita min. Ganye. Ganye.

Ta dubi abin da ke hannunta. Ta daɗe tana dubawa. Miyau na ɗiga a kai, ɗis, ɗis.

"Au," ta ce.

Shi ke nan. Au.

Yatsunta suka sassauta. Ta juya kai wajen ƙauye, kamar mai sauraron kira daga nesa.

"Tukunya ta tafasa," ta raɗa.

Na fizge.

Gudu. Reshe ya yage min kunne. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka na bar shi. Ban waiwaya ba. Bayana babu sawu, babu kira, sai ƙas, ƙas, ƙas, yanzu da sauri, kamar mai tsinka da fushi. Sai da na wuce tarin duwatsu na sake jin ƙorama.

Tun daga ranar hancina bai ƙara jin warin tafarnuwa ba, ko an daka ta a gabana. Wuyan hannuna na dama kuma ba ya ɗumi, ko da rani. Kwarin nan ma, mata sun ce da shekara ta zagayo ba su ga bakse ko ɗaya ba, wani ya bi ya tumɓuke shi kaf. Amma a daren ban san duk wannan ba. Tukunya kawai nake gani.

Na banka ƙofar ɗakin girki. Inna na riƙe da ludayi. Kwano uku a jere, suna tururi, kore shar. Kaka ta riga ta ɗauki cokali.

Na yi ƙwallo da su. Na kife tukunyar a ƙasa.

"Okbun! Abincinmu!"

"Na ce kar ku zuba! Na ce ko ban ce ba?"

"Kakarki ta ce…"

"Kakarki ta ce, kakarki ta ce! Ke ba ki da baki, Inna? 'Yarki ce fa ta mutu!"

Inna ta saki ludayin.

Duk gudun nan ban yar da saiwoyin ba, suna damƙe a hannuna na hagu. Na durƙusa gaban Kaka. Ban ba ta a hannu ba, yatsun nan ba sa jin komai. Leɓe ba ya yin kanta. Na goga mata tafarnuwar a leɓe. Sannan na juya bayan baksen na goga.

Ta zabura.

"Yanzu ƙirga," na ce, na danƙa mata karan.

Ta bi shi da yatsu. Leɓenta na motsi. Da ta kai uku ta daina. Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe, ta ji sanyin, ta saki da sauri.

"Kin gan ta," ta ce.

"Na ga ƙwaryar tagulla ma. Da shinkafa."

Inna ta ɗago. "Wace shinkafa?"

"Tambaye ta! Kin sani, Kaka. Shekara uku kin sani, kika bar mu muna ɗora wa Mai Dutse duwatsu."

"Zato na yi." Muryarta ta zama ƙarama. "Zato kawai. Na ce ganye ɗaya ne ya kuɓuce min, sau ɗaya a shekara hamsin. In na ce idona ya mutu, wa zai hau? Uwarki 'yar bakin teku ce, ba ta san ciyawa ba. Me za ku ci?"

"Ni! Ni zan hau! Cewa kawai za ki yi, Okbun, zo duba min. Shi ne ya fi ƙarfinki? Gara ki mare ni?"

Hawaye na fita daga fararen idanun nan. Na jira in ji tausayinta. Bai zo ba.

Sai na ji Inna ta yi wani sauti, kamar an shaƙe ta. Tana kallon kwandon da ke jingine a bango. Babu komai a cikinsa.

"Rabi kawai na zuba," ta ce.

"Sauran fa?"

"Da kika fita… Kaka ta ce surukar Baba Doksu na maƙwabta, mai cikin nan, tana kwaɗayin ɗanyen ganye. Ta ce in zaɓa mata masu faɗin."

"Yaushe?"

"Kafin in ɗora ruwa."

Kaka ta miƙo hannu tana lalube a iska. "Okbun, tsaya. Kar ki ce musu ni ce. Ki ce Mai…"

"Sunanki zan faɗa. Da ƙarfi."

Na maka ƙofar har ƙasa ta zubo daga bango, na nufi gidan Baba Doksu da takalmi ɗaya.