Barmo da Kwalbar Man Kanumfari

A can wani gari mai zafi, an yi wani mai dambun nama, Barmo, wanda dambunsa ba ya kwana biyu sai ya fara wari. Masu saye suka guje shi. Sai ya tafi wurin wata tsohuwa mai tatsar man kanumfari, ya durƙusa ya ce, "Iya, ki taimake ni."

Ta ba shi 'yar kwalba ta ce, "Ɗana, wannan mai yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a abinci. Amma ka wanke hannu, ka wanke tukunya, sannan ka sa ɗigo uku."

A hanya Barmo ya yi ta tunani. Rijiya da nisa, wanke-wanke da wahala. In ɗigo uku na aiki, ai kwalba guda ta isa ta maye gurbin ruwa da sabulu. Bai wanke hannu ba, bai wanke tukunya ba, ya juye kwalbar duka a cikin dambun.

Ranar kasuwa, duk wanda ya ɗanɗana sai leɓensa ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Mutane suka tsaya suna nuna baki, miyau na zuba, ba mai iya magana. Barmo ya zaci daɗi ne ya ɗaure musu baki, shi ma ya kai babbar loma.

Da la'asar ya koma wurin tsohuwa zai yi ƙorafi, harshe ya ƙi motsi. Ta dubi baƙaƙen hannuwansa, ta miƙa masa buta da sabulu.

Ta ce, "Tunda bakin ya huta, wataƙila yanzu kunnen zai ji. Fara da hannu."