Gurbi na Sha Bakwai

Ranar da aka cire wa Baba bandejin ido, abin da ya fara nema shi ne farantin kwabbansa. Auta ce ta ɗauko masa daga kabad. Farantin katako ne mai gurbi talatin, kowane gurbi da tsohon kwabo, a ƙarƙashinsa da ’yar takarda mai ɗauke da tarihinsa. Gurbi na sha bakwai babu komai. Har takardar babu.

Wanda ke zama a gurbin kwabon gwaji ne. An buga shi don a nuna wa masu yanke shawara, ba su amince da zanen ba, saboda haka bai taɓa shiga hannun jama’a ba. Shekara ashirin Baba ya yi yana nemansa kafin ya same shi. A ido kuwa, murfin kwalba ya fi shi kyau.

Baba ya daɗe yana duban sauran. “Komai yana nan yadda na bar shi,” ya ce. “Wannan kaɗai ne babu.”

Auta ta ji, amma ta ɓoye abin da ta sani.

Yaya, babban wanta, bai ɓata lokaci ba. Ya ce Goggo ce kaɗai ke shiga ɗakin da tsintsiya, in kwabon bai fito kafin ƙarfe huɗu ba zai kai ta wurin ’yan sanda. Goggo ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a gidan, ita ke riƙe wa Auta ’yarta idan ta fita aiki.

Ga abin da Auta ta ɓoye. Ranar Litinin ta buɗe kabad ɗin tana neman katin asibitin Baba, ta juya baya na minti ɗaya, ’yarta mai shekara biyu ta jawo farantin ƙasa. Abin da ya fara zo mata shi ne bakin yarinyar. Ta buɗe shi da yatsa, sannan ta tsince kwabban, ta cika gurbi talatin cif, ta tabbatar ba a haɗiye ko ɗaya ba. Amma yadda suka zo hannunta haka ta zuba su. Ta ɗauki hoton farantin a waya da niyyar gyarawa daga baya. Yarinyar na kuka, ta fita ta bar makulli a jiki.

To wa ya gyara jerin?

Ta fara da Goggo, wadda ta samu a kicin tana ninke tsumma ɗaya sau uku. Ta nuna mata hoton kwabo biyu, ta tambaye ta wanne ya girmi wanne. Goggo ta nuna wanda ya fi faɗi. Ba shi ba ne.

Yaya dariya ya yi. Ya ce shi da tarkacen Baba sai kallo daga nesa, ko shekarun da ke jiki bai taɓa karantawa ba. Ta yarda da shi. Da shi ne, na azurfa masu ƙyalli zai kwasa.

Baba kansa idonsa a rufe yake tun Asabar. Saura mutum ɗaya: Mai Agogo, abokinsa na shekara talatin, wanda ya zo dubiya ranar Talata ya tarar yana barci. Auta da kanta ta kai shi ɗakin ya jira, ta ajiye masa ruwa.

Ta goya ’yarta ta tafi shagonsa. Yana sunkuye kan wani agogo, da gilashin duba ƙananan abubuwa maƙale a ido.

“Kawu, minti nawa ka yi a ɗakin Baba?”

“Ban ƙirga ba, ’yata. Kamar rabin awa.”

“Ka taɓa farantin?”

“Me zai kai ni?”

Ta ajiye wayar a gabansa. “Haka na bar shi ranar Litinin. Yau an same shi a jere, shekara bayan shekara, kowane kwabo fuskarsa a sama, kan takardarsa. Ɓarawo yana sauri ne, Kawu. Ba ya tsayawa ya gyara kwabo ashirin da tara, sai in zuciyarsa ba za ta iya barinsu a haka ba. Kuma wanda bai san harkar ba ba zai tafi da takardar ba.”

Ya cire gilashin a hankali. Ya ce da ya ga makulli a jiki, gaisawa kawai ya so ya yi da kwabon. Sai ya tarar da farantin kamar an zuba tsakuwa. Ya ɗauka idon abokinsa ya tafi ke nan, ’ya’yan kuma sun fara ba jarirai kayan su yi wasa. Shi ya sa ya jera sauran, ya tafi da wannan. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da kwabon a naɗe cikin auduga, da takardarsa.

“Goggo ake shirin kai wa ’yan sanda,” Auta ta ce. “Ka rufe shagon mu tafi.”

Da suka isa gida, a gaban kowa ta faɗi nata kafin ya faɗi nasa: zubewar, makullin, da shirun da ta yi da safe. Baba bai ɗaga murya ba. Ya riƙe kwabon ta gefe, ya mayar da shi gurbinsa, bai dubi abokinsa ba ko sau ɗaya. Yaya ya shiga soshe-soshen ƙeya yana neman hanyar fita.

Auta ta bi Goggo kicin, ta durƙusa ta ba ta haƙuri, ta soma yi mata bayanin ranar Litinin tun daga farko.

“Na sani,” Goggo ta ce, tana kwance yarinyar daga bayan Auta. “Daga nan na ji ƙarar zubewarsu.”

“To me ya sa da Yaya ya tsare ki ba ki faɗa ba?”

Goggo ta gyara wa yarinyar riga, ta share mata hanci.

“Na ɗauka ke za ki faɗa.”