Yadda Ake Riƙe Sifana

Kwana tara ke nan da dawowar Auta, ko jakarsa bai gama kwancewa ba. Shekara shida ya yi a waje yana ɗokin ranar da zai auri Darakta, yarinyar da ya bari tana koyon ɗaukar hoto, ya dawo ya tarar har ta shirya fim nata na kanta. Yana kishingiɗe a falo, fanka na kaɗa iska mai zafi, sai Goggo, ƙanwar marigayi babansa, ta dangwara masa waya a cinya.

"Kalli surukar da ka zaɓo mana!"

Guntun bidiyo ne na sakan talatin kacal. Darakta ce sanye da rigar makanikai, baƙin mai har goshi, tana fuskantar wani dattijo: "Kawu, ba zan rufe shagon nan ba. In abin kunya ne, ni zan ɗauka!"

"Ka ji ko? Mace da sifana, tana ɗaga wa babba murya!"

"Goggo, aktin ne fa..."

"Aktin ɗin gidanku!"

Ya so ya tuna mata gidansu nata ne, amma ya gaji. Umma kuwa ko ɗagowa ba ta yi daga ɗinkinta ba.

"Ko ta bar fim, ko a bar maganar auren," in ji ta.

Ya sami Darakta a ɗan ɗakin aikinta, kwamfuta biyu, wayoyi birjik a ƙasa, idanunta sun yi ja. Ta saurare shi har ya gama.

"Shekara shida na jira ka, na taɓa cewa ka bar karatunka?"

"A'a."

"To ba zan bar aikina ba. Kuma ba zan shiga gidanku Umma na fushi da ni ba. Zan ƙara jira, ai na saba." Ta miƙa masa filash mai ɗauke da fim ɗin, hawaye na zubo mata. "Ka roƙe ta ta kalla duka. Kai ma ba ka kalla ba, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

Sati uku yana lallashi, Umma na cewa kanta na ciwo. Wata ranar bayan la'asar dai ta nisa ta ce, "Saka mana, ko na huta da nacinka."

Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da shagon gyaran janareto. Ta goya jaririnta, ta buɗe shagon, dangi suka yi mata caa. Nan take Auta ya gane labarin Umma ne. Shi ne jaririn! Shi ya taɓa ba Darakta labarin a waya, ranar da kewar gida ta ishe shi, ya kuma manta.

Da dattijon fim ya ce, "Kin zubar mana da mutunci," Goggo ta miƙe tsam.

"Bari in duba shanyata."

"Zauna," in ji Umma. "Ai maganarki ce. Sai dai ni a lokacin ban iya ba ki amsa ba."

Goggo ta koma ta zauna. Umma na kallo tana share ido da gefen mayafi, can sai ta zabura.

"Tsayar! Wa ya koya wa yarinyar nan riƙe sifana haka? Ai sai ta fasa yatsa!"

"Umma, fim ne fa..."

"Fim ɗin me? Shekara goma sha ɗaya na yi a shagon nan. Ka ce ta zo gobe in nuna mata, kada surukata ta ba ni kunya a idon duniya."

Washegari Darakta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Umma ta buɗe tsohon akwatin ƙarfe, ta ɗora mata sifana a hannu, ta gyara mata yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Haƙurin Darakta ne ya kawo ta wannan gida da mutuncinta da sana'arta. Mu kuma kada mu yanke wa 'yar mutane hukunci da sakan talatin, domin sau da yawa macen da muke zagi a fim ita ce ta goya mu.